Rabin Bencin da Babu Kowa

Malam Kaloyan ya ɗora kwali a kan hoton da ɗalibarsa ta ɗauka, ya rufe rabinsa.

"Kin gani? Yanzu ya zama hoto. Nevyana, me kike so in kalla a wancan ɓangaren? Katako?"

"Wurin zaman mahaifiyata ne, Malam."

"Allah ya ji ƙanta. Amma ni ban gan ta ba, masu duba jarrabawa ma ba za su gan ta ba. Tsoho za su gani maƙale a gefe kamar zai zame daga takarda. Ki sake ɗauka, ki matso da shi tsakiya. Ki kawo ranar Litinin, in ba haka ba sai baɗi."

Ba mugun mutum ba ne, ido ne da shi, kuma ya fi gane haske da layi fiye da mutane. Ita kuwa sai da ta kai shekara arba'in da ɗoriya kafin ta yi ƙarfin halin shiga ajin yamma na koyon ɗaukar hoto, bayan tashi daga aikinta a kantin magani. Ba ta jin za ta iya maimaita shekara.

Ranar Lahadi ta hau bas zuwa ƙauyensu a bakin kogin Danube. Ta jingina kai da gilashi, gonaki na wucewa a hankali, barci na ɗan fizgarta. Can ta riƙa ganin mahaifiyarta, Zlatka, zaune a bencin ƙofar gida da kwanon wake a cinya, tana mita ita kaɗai. Takardar sanarwar rasuwarta har yanzu tana manne a ƙyauren gidan, rana ta koɗar da fuskarta a hoton da ke jiki.

Tun daga rasuwar mantuwa ta kama mahaifinta, Stoimen. Ya manta sunan titinsu, wata rana ma ya zaci Nevyana nas ce. Abu ɗaya ya rage masa: ba ya yarda kowa ya zauna a dama da shi a kan bencin. Kafin ya sha kofi sai ya ɗiga kaɗan a ƙasa, rabon mamaciya, kamar yadda ake yi a ƙauyensu. Da wane baki za ta ce masa ya matsa?

Ta same shi a inda ta zata, a can ƙarshen benci, hasken la'asar na ratsowa ta ganyen inabi yana yawo a kan rigarsa. Maƙwabciyarsu Ginka ta leƙo ta katanga.

"'Yar birni, an dawo da na'ura? Wannan tsohon ya sha hoto har ya fi amarya. Mu ba a ganinmu?"

"Inna Ginka, sai kin sa haƙoranki tukuna."

Tsohuwar ta shige tana dariya. Nevyana ta kafa kyamara, ta daɗe tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Ta shirya lallashi iri-iri tun a mota, har da alkawarin minti ɗaya kacal.

"Baba," ta ce a hankali, "ɗan matso tsakiya mana."

Ta jira faɗa. A ranta ma faɗan take so.

Sai ya dafa katako ya matsa, ba musu. Ya baje hannuwansa a bayan bencin, ya miƙe ƙafafu, ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya cire takalmin da ya matse shi.

"Kai, ashe nan ya fi daɗi," in ji shi. Ya dubi ƙarshen bencin da ya baro, yana murmushi. "Yarinya, wa ya ce in riƙa takurewa a can?"

Ta leƙa ta idon kyamara. Komai ya zauna daidai, hasken, inuwar, fuskar. Ba ta taɓa ganin hoto mai kyau haka ba. Yatsanta na kan maɓalli, amma hawaye ya hana ta gani sosai.

"Baba, koma wurinka," ta ce.

"Ina ne wurina?"