Bulala a Tafin Ƙafa

Ranar da Turawa suka tsaga Bengal gida biyu, ɗaliban Mastar Haranath, shugaban makaranta, suka zo makaranta ƙafa ba takalmi, kamar yadda ake yi in uwa ko uba ya rasu. Da shugaban makarantar ya ga ƙafafun nan sai gabansa ya faɗi. Sufeton ilimi, wani Bature, na tsaye a baranda, kuma ɗan Haranath na cikinsa, Abinash, shi ne a gaban layi.

Sufeto bai yi dogon turanci ba. "Doka ta ce ɗalibi ba ruwansa da siyasa. Ko ka hore su a gabana, ko in soke makarantar nan, kada yaron garin nan ya sake zana jarrabawa."

"Sahib, yara ne fa..."

"To, nuna musu yara ne."

Makarantar da Haranath ya yi rainonta tun tana rumfar kara a bakin kogi! Tsoro ya kama shi, tsoron ya rikiɗe ya zama fushi, aka tashi huce haushin kaza a kan dami. Ya fizgo sandar gora, ya shaƙo wuyan rigar Abinash.

"Je ka sa takalminka, ɗan banza!"

"Baba, ana sa takalmi a gidan mutuwa?"

Ya sa masinjoji suka danne yaron a kan benci, ya shiga zabga masa gora a tafin ƙafa. Gorar ta tsage, tsagin ya yanka fata, jini ya fantsama har kan farin zanen Haranath. Abinash ya ciji leɓe ya ƙi yin kuka, shirun nan kuwa shi ya ƙara tunzura uban. Bature da kansa ya ce ya isa, amma ina, sai da malamai suka riƙe masa hannu.

Makaranta ta tsira. Sufeto har yaba masa ya yi.

Washegari Haranath ya fito tsakar gida ya tarar da Abinash zaune a ƙasa, ƙafafu naɗe da tsumma. Yaron ya aske kansa ƙwal, ya yafa farin ƙyalle marar ɗinki, yana dafa shinkafa shi kaɗai a sabuwar tukunyar ƙasa.

"Kai, wa ya rasu?"

Yaron ko ɗago kai bai yi ba. Uwarsa ya kira.

"Ma, ki ce wa shugaban makaranta ya matsa daga nan. Makokin ubana nake yi."