Kaskon Turare a Ƙarƙashin Balan-balan

Ranar da za a buɗe sabon shagon kayan ɗaki a unguwar Abu Hamour, can ƙasar Larabawa, tun da hantsi aka tayar da wata ƙatuwar balan-balan a farfajiyar gaba, doguwa mai siffar kifi, tsawonta ya kai na motar bas. Sunan shagon na rubuce a jikinta. An ɗaure kanta a ƙarfe, amma ƙugiyar wutsiya ta tsinke, sai aka ce wani ya riƙe igiyar da hannu har a gama biki. Wa za a ba wannan wahala in ba Dramani ba? Mutumin Kumasi ne, lebura, ƙato mai yawan surutu. Ya naɗe igiyar a damtsensa, balan-balan ɗin na lilo a kansa, da kaɗan ta fi rumfar baƙi tsawo.

Garzali, mai gadin ƙofa, ɗaki ɗaya suke kwana da shi a Mu'aither, shekara huɗu ke nan. Jiya wajen cin abincin rana Dramani ya ishe su da labarin wani jirgin balan-balan na Jamus, Hindenburg, da ya kama da wuta a Amurka a 1937. Har hoton ya nuna musu a waya. Ya ce har gobe ana gardama kan abin da ya tayar da wutar: wasu sun ce maƙarƙashiya ce, wasu sun ce iskar cikinsa ce ta yi yoyo bayan hadari, tartsatsi ya same ta sa'ad da igiyoyi suka taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma kowa ya yarda haidurojin aka ɗura masa, iska mai cin wuta, kuma cikin rabin minti ya ƙone ƙurmus. Ya ce iskar da za a ɗura wa tasu kam hiliyam ce, ko ashana ka ƙyasta mata mutuwa za ta yi. Garzali kuwa ba a waya ya san iskar nan mai cin wuta ba. Wansa sana'ar balan-balan yake yi a Gusau lokacin Sallah, yana haɗa iskar da soda da guntayen gwangwani, har ranar da tukunyar ta yi bindiga. Wan bai tashi ba. Tabon yana nan a hannun Garzali daga gwiwa zuwa wuyan hannu.

Wajen ƙarfe goma Auta direba ya zo ya jingina da ƙofa yana shan shayi, bakinsa har kunne. Ɗan ƙanwar mahaifiyar Garzali ne, kuma Garzalin ne ya yi ta zirga-zirga har aka samo masa biza bara. Auta ya fara cika baki, wai yau ba don shi ba da mudir, wato manaja, ya ji kunya. Da asuba aka tura shi Sana'iya, unguwar masana'antu, ɗauko tukwanen gas, ya tarar mai sito ya tafi masallaci, mudir kuma sai kira yake, yalla yalla, wai ya yi sauri. Shi kuwa ya lodi na kusa da ƙofa ya taho. Da aka zo ɗurawa, bakin tukunya ya ƙi karɓar kan tiyo, ana murɗa shi dama yana kwancewa, mai ɗurin ya rasa yadda zai yi. Sai Auta ya yanko robar tsohon tiyub, ya cusa tiyon, ya naɗe shi tam irin yadda ake yi wa famfon unguwa. Aiki ya tafi sumul.

Garzali ya juyo ya dube shi. Ya tambaye shi launin wuyan tukwanen. Auta ya ce ja.

Garzali ya ja shi bayan shago inda aka jingina su. Guda ɗaya da saura a ciki. Ga jan wuya, ga hoton harshen wuta a jikin takarda, ƙura ta rufe rabinsa. Ai da gangan ake yi wa irin waɗannan tukwane na haidurojin baki mai murɗin hagu, don kada wani mai gaggawa ya haɗa su inda bai kamata ba. Masu yin ba su yi lissafi da Auta da robarsa ba.

Da ya yi masa bayani, kofin shayin ya suɓuce daga hannun Auta. Ya riƙe masa riga.

"Yaya, ka rufa mini asiri. Awa biyu ce kawai a sauke ta. In mudir ya ji, wallahi gida za a mayar da ni."

Gaskiya ya faɗa, kuma Garzali ya sani. Ya tuna Haulat, matar Auta, da cikinta wata bakwai. Ya tuna innarsa, mahaifiyar Auta, da ta damƙa masa yaron a tasha tana kuka sa'ad da ya je hutu gida. Ya ce a ransa, to, ba mai shan taba a farfajiya, shi ne mai ƙofa, zai sa ido. Allah ya gani, har ya fara yarda da wannan wautar.

Ya dawo ƙofa ya tarar Dramani na yi masa ba'a daga nesa, wai ɗan Najeriya ya zo ya karɓe shi hannunsa ya mutu. Ya ƙara da cewa wutsiyar kifin nan sai yamutsewa take, kuma yana jin wani siririn huci a saman kansa. Yoyo ke nan. Garzali ya buɗe baki zai yi magana, sai ga motoci sun shigo.

Mahaifin mai shagon ne ya fara fitowa, dattijo mai farin gemu, ana riƙe masa ƙofa. Aka miƙa masa kaskon turaren wuta, garwashi jajir, hayaƙin oud na tashi. Haka suke buɗe sabon wuri: babba a gidan ya zaga da turare, ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya su jawo hayaƙin zuwa gemu da tufafi, har ma'aikata ba a bari. Garzali ya sha ganin haka, yau ne kawai bai kawo shi a ransa ba. Dattijon ya gama da layin farko. Ya gama da na biyu. Sai ya hango baƙin ƙato yana fama da igiya shi kaɗai a rana, ya yi murmushi, ya nufe shi da kaskon a ɗage. Iska ta taso, kifin ya sunkuyo da wutsiya.

Taku goma ya rage. Garzali ya kira mudir, kiɗa ya danne muryarsa. Ya waiwaya, ga Auta a jikin mota ya haɗa hannuwa biyu yana roƙonsa da ido.

Bai san sa'ad da ya ruga ba. Ya sha gaban dattijon, ya kifa tafin hannunsa a kan garwashin, ya fizge kaskon ya rungume, ya yi waje da shi har bakin titi ya tura shi cikin bokitin masu goge-goge. Ƙaurin naman hannunsa ya danne ƙamshin turaren.

Kiɗa ya tsaya. Mai gadi ya fizge abu daga hannun uban mai gida a gaban baƙi! Mudir ya iso yana kumfar baki, yana cewa khalas, an gama da shi, ya tuɓe rigar aiki, yau zai kwana a hannun 'yan sanda. Garzali ya ce ya ji, amma a ba shi minti ɗaya. Dattijon ne ya ɗaga hannu ya ce a bar shi.

Da hannu ɗaya ya ciro ƙaramar balan-balan daga adon ƙofa, ya sa mai ɗurin ya cika ta daga tukunyar da ta rage. Ya ɗaura ta a bakin sandar goge ƙasa, ya kai ta can ƙarshen fili bayan katanga, ya ce wani ya miƙo leta a kunne a kan wata sandar. Ƙarar fashewarta ta sa mata suka dafe kunne. Wuta ta yi tsalle ta lashe kan sandar. Wannan fa balan-balan ce da ba ta fi kan mutum ba. Kowa ya ɗaga ido ya dubi wadda ke saman Dramani.

Aka kwashe mutane, aka kashe janareto, aka kira 'yan kwana-kwana. Dramani bai saki igiyar ba, don in ya saki iska za ta kaɗa wutsiyar kan wayoyin wuta. Minti ashirin ya yi a tsaye, mai surutun nan ko tari bai yi ba, zufa na ɗiga daga haɓarsa, har aka zo aka karɓe shi.

Sannan mudir ya tambayi wanda ya ɗauko tukwanen. Garzali ya sunkuyar da kai. Auta ya tako da kansa, ya ajiye makullin mota a kan teburin baƙi.

Kafin motar asibiti ta iso, Auta ne ya durƙusa yana zuba wa Garzali ruwan sanyi a tafin da ya saluɓe. Garzali ya san gida za a mayar da yaron, ya ji zafin rabuwar ya fi na ƙunar.

"Me zan ce wa Inna?" in ji Auta, bai ɗago ba.

"Ni zan kira ta," Garzali ya ce. "Ni na kawo ka."