Ƙashin Ƙafar Jeptanui

Jeptanui ta shiga ofishin Dakta Wekesa a Eldoret da gyale naɗe a haɓa. Kumburin muƙamuƙinta ya kai girman mangwaro, ko ugali, tuwon masararsu, ba ta iya taunawa sai an jiƙa mata da madara. Yarinyar da maza ke shan ƙurarta a tseren nesa a tsaunukan Iten! Yayanta Kibiwot, wanda ke horar da ita, yana biye.

Likitan ya juyo musu da kwamfuta, bakinsa har kunne. Ga ƙoƙon kanta yana juyawa a allo, an shafa ja inda ciwon ya ci.

"Daga nan zuwa nan za mu cire. Na'ura ta gama awo, ba kuskure ko na tsinin allura."

"Ashe ƙwarangwal ɗinki ya fi ki kyau," in ji Kibiwot.

"Yaya, ka kiyaye ni."

Likita ya sake danna wani abu. Wani dogon ƙashi siriri ya fito, aka datsa shi gida uku, guntayen suka taso suka zauna a gurbin muƙamuƙin daram.

"Dakta, wannan ƙashin na wane ne?" ta tambaya.

"Naki mana. Siririn ƙashin ƙwaurinki na hagu. Da shi za mu gina sabon muƙamuƙi."

Ashe shi ya sa aka ɗauki hoton ƙafafunta wancan makon! Ita da ta zaci tsabar kulawa ce, har godiya ta yi musu. Ta kai hannu ta dafe ƙwaurin.

"Ƙafarta?" Kibiwot ya miƙe zumbur. "Haba Dakta! Ka san ko wace ce wannan? Gudu ne sana'arta!"

Murmushin likita ya ɓace. Kunya ta rufe shi. An auna komai nata har jijiyoyi, amma ba wanda ya tambaye ta abin da take yi da ƙafar.

"Ku ɗauka a wani wurin," ta ce. "Kafaɗa, ƙugu, ko'ina."

"Giɓin ya yi tsawo, 'yar'uwa. Ba ƙashin da zai kai sai wannan. Ciwon kuma ba jira yake ba."

"To gaya min gaskiya. Zan sake gudu?"

Ya kau da kai ya dubi allon.

"Za ki yi tafiya lafiya lau," ya ce.