Littafin da Ya Naɗe Ƙosai

Ƙosan da Happiness ta saya a bakin titin Samaru ranar Asabar ɗin nan bai shiga cikinta ba. Ta warware ƙunshin tana tafe, za ta kai ɗaya baki ke nan, sai idonta ya faɗa kan takardar da aka naɗo shi da ita. Zanen wata 'yar gada ce a kan rafi, da wata yarinya mai manyan idanu riƙe da lema, ruwan sama yana zuba a karkace. Mai ya riga ya cinye rabin sararin samaniyar.

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani ɗan acaɓa ya zage ta ya wuce. Ta san gadar nan. Ta san littafin da aka yago ta daga ciki.

Happiness malamar zane ce a wata firamare a Samaru, kuma tun tana jami'a ta kamu da son katun ɗin Japan, wanda masu sonsa ke kira anime. Fina-finan ba su dame ta kamar littattafan zanensu ba. A shekarar 2006 kuwa, mai neman irin wannan a Zariya sai dai ya jira dilar gwanjo ta yi masa sa'a. 'Yan kaɗan ta tara, suna jere a kan katako a ɗakinta, amma ko wanne sai da ya ci jarrabawa kafin ya hau katakon. Ba ta sayen wanda aka cika da hotunan da aka ɗauko kai tsaye daga fim. Tana son mai zanen fensir, inda za ta ga yadda mai zane ya fara fuska da da'ira, ya goge, ya sake. Tana shafa takarda ta ji kaurinta, ta leƙa gindin littafin ta ga ko da zare aka ɗinke shi ko da gam aka liƙa.

Duk wannan ilimi ne, ba wanda ya ce a'a. Matsalar Happiness ruwan ido ne. Mace ce da za ta shiga kasuwa sayen gishiri ta zagaya rumfa biyar.

Littafin mai gada ta gan shi ne a rumfar Obi, mai sayar da tsofaffin littattafai a kasuwar Sabon Gari. Ƙato ne, ana buɗe shi ta dama kamar littafin Larabci, rabinsa fensir, rabinsa fentin garuruwa da gonaki da sararin sama. Ba ta taɓa riƙe irinsa ba. Amma kusurwar bangon ta ɗan lanƙwashe, kuma akwai tabon ruwa a wasu shafuka. Sai ta ce wa Obi ya ajiye mata, wataƙila dila ta gaba ta zo da wanda ya fi shi tsabta. Ta koma ta sake dubawa. Ta sake komawa. Ko da yaushe sai ta shafa shi, ta yi ajiyar zuciya, ta mayar.

Yanzu ga shi a hannunta yana ɗigar mai.

Ta juya da gudu wajen mai ƙosan. Matar ta ɗaga 'yan takardun da suka rage mata, Happiness ta tsinci shafuka biyu a ciki, sauran duk tsofaffin jaridu ne.

"A Sabon Gari ake kawo mana," in ji matar. "Ni ma ba na son irin wannan mai santsin, ba ya shan mai."

A cikin bas ɗin Sabon Gari ta kasa zama daidai. Duk inda kwandasta ya buga mota don a ɗauki fasinja sai ta ji kamar ta sauka ta tura. A Kwangila direban ya tsaya gardamar canji da wani, ita kuwa tana ta lissafin cewa a daidai wannan lokacin wani yana can yana yage wani shafin. Tsohon da ke kusa da ita ya dubi ƙafarta da ke ta rawa, ya tambaye ta ko asibiti za ta. Ta ce e, don ta huta da bayani.

Obi yana hango ta ya ɗaga hannuwa sama.

"Anti, no vex, ki yi haƙuri. Kin ga rufin nan? Ruwan ranar Talata ya shigo, kwali uku suka jiƙe. Na shanya, wanda ya kumbura na sayar ma Sati a kan sikeli."

"Amma na ce ka ajiye mini!"

"Na ajiye. Tun Ista nake ajiyewa." Ya gyara tsayuwa. "Sau nawa kika zo, Anti? Littafin ya san hannunki fiye da nawa. Ki taɓa, ki ce za ki dawo. Ni kasuwa nake yi, ba laburare ba."

Gaskiya ya faɗa. Haushin da ta kwaso tun daga Samaru ya juyo kanta, kuma ya fi ciwo a haka.

Sati mai sayar da takardun naɗi ne, rumfarsa tana bayan layin masu buhuna. Yana zaune a kan tulin jaridu yana ɗaure su damma-damma da igiyar leda. Ta nuna masa shafin gadar. Ya juya shi sama da ƙasa.

"Oho, mai 'yan aljanun nan. Ai kauri gare shi, ba mai ɗaukan shi gaba ɗaya, sai na farke shi kashi-kashi."

"Ka farke?"

"To dafa shi zan yi, Malama?" Ya yi dariya, sai ya ga fuskarta, ya daina. Ya fara tuno mata. Kashi ɗaya ya tafi Samaru, wanda ta riga ta gani. Ɗaya wani mai tsire ya ɗauka, can Muchia, kusa da injin markaɗe. Wata mai gyaɗa ta bakin tasha ta kwashi kaɗan. Babban kashin kuwa, mai haɗe da bango, Mama Keziya ce ta tafi da shi, mai suyar ƙosan yamma a Dogarawa.

Happiness ta sayi damin jarida guda a wurinsa, don ta san ba wanda zai ba ta takardar naɗinsa ya zauna hannu sake. Ta ɗora a kai kamar mai talla, ta fita.

Mai gyaɗar ta riga ta murɗe nata shafukan ta cika su da gyaɗa, sun yi layi a kan tire. Happiness ta saye su duka, ta tsuguna a gefen tasha tana juye gyaɗar cikin jakarta tana miƙar da takardun a kan cinya. Fuskar wani saurayi ta fito, daga da'irar farko har zuwa gashi. Sai hannu, an zana shi a rufe, a buɗe, yana nuni. Mutane suna wucewa suna kallonta, wasu da tausayi, don sun ɗauka taɓuwa ce.

A Muchia ta tarar mai tsiren bai ko hura wuta ba, yana jera nama a tsinke. Ya saurare ta har ƙarshe, ya shiga ya fito da nasa kashin, ya karɓi jarida a madadinsa.

"Jiya na yi ciniki sosai," ya ce, kamar mai ba da haƙuri. "Da yawa sun tafi."

Ta duba lambobin shafukan ta ga inda suka yi tsalle. Waɗannan sun tafi ke nan, suna cikin kwata ko cikin akuya. Ta ji hawaye ya taho, ta haɗiye shi, don babu lokacinsa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma mai ƙosan yamma ba ta jiran kowa kafin ta ɗora kasko.

Ɗan acaɓan da ya ɗauke ta zuwa Dogarawa ya sha faɗa. Ya yi gudu ta ce zai zubar mata da takardu, ya rage ta ce ko keke ta hau. Da suka isa ya sauke ta bai ko amsa godiyarta ba.

Ƙamshin mai ne ya nuna mata wurin. Wata dattijuwa ce, gajera, da ɗankwalin zumuntar mata a kanta, zaune a gaban kasko ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano a ƙofar gida. Mutane uku suna jira. Happiness ta kafa wa hannun matar ido. Hannun ya miƙa, ya yago takarda, ya naɗe ƙosai. Jarida ce. Na biyu ma jarida. Sai ta matsa kusa.

"Sannu da aiki, Mama."

"Yawwa 'yata. Na nawa?"

"Ba ƙosai na zo saya ba. Sati ne ya turo ni. Ya ce kin sayi wani littafi mai zane a wurinsa."

Mama Keziya ta juya ƙosan da ke cikin mai, ba ta ɗago ba.

"Na saya."

"Kin fara yagewa?"

"Na yage ɗaya. Da na zo na biyu sai hannuna ya ƙi."

Happiness ta sauke sauran jaridar a gabanta, ta fara zuba magana. Ta ce littafin nata ne, wato kusan nata, an ajiye mata ne aka yi kuskure. Ta ce ga jarida, ta fi shan mai, kuma za ta biya duk abin da Mama ta ce. Ta ce ita malamar zane ce, littafin zai yi mata amfani, zai yi wa yara amfani.

Dattijuwar ta bar ta ta gama. Sannan ta kwashe ƙosan, ta goge hannu da gefen zani, ta shiga gida. Ta fito da wani abu naɗe cikin farin ƙyalle, ta zauna, ta buɗe a kan cinyarta. Shi ne, da bangonsa mai lanƙwasasshiyar kusurwa. Ta buɗe daidai inda ta sa tsinken tsintsiya.

Zanen ya cika shafi biyu. Wani dutse ne kore, hazo ya rufe kansa, gonaki a gindinsa, da wata siririyar hanya ta jar ƙasa da ta bi tsakaninsu ta ɓace a bayan bishiyoyi.

"Kin ga hanyan nan?" in ji Mama Keziya. "Haka na garinmu yake, can wajen Kagoro. In kin sha kwanan nan, gidan babana ne. Tun da maigidana ya rasu ban je ba, ƙafan ba ya barina shiga mota mai nisa. Ban san wanda ya zana ba, ban san yaren su ba. Amma mutumin nan ya taɓa tsayawa a gindin dutse da damina."

"Mama, zan yanke miki wannan shafin, in sa miki a gilashi."

"Ki yanke?" Ta rufe littafin da sauri. "Ba yankan ne ya kawo ki nan kina haki ba?"

"To ki faɗi kuɗinsa."

"Ba na sayarwa, 'yata. Ki yi haƙuri."

Ba ta faɗa da zafi ba, shi ya sa ma Happiness ta san babu sauran magana. Ta ga samu ta ga rashi. Ta tsaya da tarin shafukanta a ƙirji, masu warin gyaɗa da yaji, ƙafafunta suna zugi, cikinta babu komai tun safe. Ta ji tana ƙin tsohuwar nan, ta kuma ji kunyar ƙin. Yayyafi ya fara buga kwanon rumfar.

Tana iya tafiya da abin da ta tsinto. Ta hango su a kan katakonta cikin leda, fuskoki da hannaye babu bango, babu dutsen, rabin littafi a Samaru rabi a Dogarawa. Ta yi taku biyu zuwa titi, ta dawo. Ta sake juyawa. Mama Keziya tana kallonta.

Sai Happiness ta tsuguna, ta ɗora shafukan a kan bencin da ke kusa da dattijuwar.

"Waɗannan na cikinsa ne. Akwai mai ɗinkin littafi a Samaru, zan kawo shi ya haɗa miki su a nan, a gabanki."

Ta kau da kai tana kallon ruwan. Mama Keziya ta ɗauki shafin gadar, ta dubi tabon man da ke jikinsa, ta girgiza kai.

"Zauna," ta ce, ta matsa mata wuri a bencin. "Ruwan nan ba yanzu zai tsaya ba. Ran Lahadi kuma in an tashi sujada ki zo, ƙofa a buɗe yake. Sai ki nuna mini inda kowanne zai shiga."

Happiness ta zauna. Littafin yana nan tsakaninsu a kan farin ƙyallen. Ta miƙa hannu za ta buɗe shi, dattijuwar ta buge mata yatsu.

"Ga buta can, ga sabulu. Da wannan hannun za ki taɓa mini littafi?"