Kaset ɗin Laraba

A gindin giginyar da ke bakin mashigin Warra suka ƙulla maganar, Cindo yana gyaran taru, yarinyar tana tsugune da rikoda a cinya. Sunanta Hajara, 'yar Shanga ce, shekararta ta farko ke nan a jami'a can Sakkwato, babban birnin jiharsu a lokacin. An ba su hutu, aka ce kowa ya komo da wani abu daga bakin mutanen ƙasarsu.

"Karatun mi ne wanga?" in ji Cindo.

"Nazarin ɗan Adam, Baba. Rassa huɗu gare shi. Akwai masu auna ƙasusuwan mutanen da, akwai masu tonon kufai, akwai masu bin harshe, sai masu bin al'ada."

Ya nuna tafkin da haɓa. "Kufan gungunmu, tsibirin da muka zauna, da ƙasusuwan iyayenmu suna ƙarƙashin wancan ruwa tun da aka datse kogin Kwara a Kainji. Sai dai malamanku su koyi nutso. Ke wane reshe kika hau?"

"Harshe da al'ada. An ce mini cikin matan gungunku, matarka Inna Laraba ce kaɗai ta rage da waƙoƙin niƙa da yarenku, Gunganci."

Ta fara zancen ɗan abin goro, ya ɗaga mata hannu. Cindo ba baƙon ciniki ba ne, da ƙuruciyarsa har Anacha yake kai albasa a jirgin ruwa. Tun farkon damina yake jin tarin matarsa, kuma ya san irinsa, shi ya ɗauke yayarta.

"Kaset biyu za ki yi, ɗaya naki, ɗaya nawa," ya ce. "In babu wannan, babu waƙa."

Ta ce sai ta koma makaranta za ta iya kwafa, amma hutu mai zuwa da hannunta za ta kawo masa. Ya ce ya yarda.

Washegari da hantsi aka fito da dutsen niƙa daga bayan rumbu, a gidan simintin da gwamnati ta ba su bayan tashin gungu. Rabon da a taɓa shi tun zuwan injin niƙa. Laraba ta wanke shi, ta durƙusa, ta zuba gero. Kunyar baƙuwa ta sa ta sunkuyar da kai, ta fara waƙar ƙasa-ƙasa, kamar dutsen take yi wa.

Cindo ya dubi rikodar, ya dubi Hajara, ya ga ba ta jin ko kalma ɗaya. A wurinsu abin kunya ne a bar baƙo zaune ana magana ba ya fahimta, kuma maigida ne bakin gidansa. Ya kuma tuna malaman Sakkwato, kada su ji su ce wata tsohuwa ce take gunguni. Sai ya jawo rikodar gabansa. Laraba na fara baiti, shi yana fassarawa da Hausa, da muryar nan tasa da ake ji daga tsallaken ruwa. Ya faɗi ma'ana, ya faɗi wadda ta fara waƙar, ya ƙara da labarin gonar albasar kakanta.

Hajara ta san an yi ɓarna. Darasinsu na farko ma shi ne kada a bari kowa ya yi magana kan mai ba da labari. Amma yaya za ta ce wa sa'an kakanta ya yi shiru, a cikin gidansa, bayan ta ci tuwonsa?

"Baba, ko a ɗan matsa da ita wajen Inna?"

"Bar ta nan, ɗiyata, ai ni ke yi musu bayani."

Laraba ta ɗago tana haki. "Shekara arba'in ke nan, 'yar nan, ban taɓa kai ƙarshen zance ba a gidanga."

Duka suka yi dariya, har shi.

Laraba ba ta ga girbin gero ba. Hajara ta iso kwana shida bayan sadakar arba'in, ta yi ta'aziyya, ta miƙa masa kaset ɗin da hannu biyu, idonta a ƙasa. Ya ce ta sa masa. Ya gyara zama a tabarma, ya cire hula.

Muryarsa ce ta fito, gangariya, tana cika tsakar gida. A ƙarƙashinta ana jin gurzar dutse, can baya kuma wani siririn sauti da ba a rarrabe kalmominsa. Ya kara kunne har yana taɓa rikodar. Aka juya kaset, nan ma shi ne, yana bayani, yana dariya.

Wuri ɗaya kawai ya samu. Akuya ta shigo ranar tana neman geron, ya tashi ya kore ta. A nan Laraba ta fito fes, rabin baiti, tsawon numfashi ɗaya, sannan aka ji takunsa ya dawo.

"Mai da baya," ya ce.

Ta mayar. Ya sake cewa, ta sake mayarwa. Haka suka yi ta yi har batir ya fara sanyi, muryar ta yi nauyi ta koma kamar ta namiji. Shi da kansa ya ce ta kashe.

"Kin san haka za ta fito?"

"Na sani, Baba."

"Ba ki hana ni ba."

Ta ciro kaset ɗin ta ajiye a gabansa. Shi kuwa bai ƙara tambaya ba, don ya san ko da ta faɗa a ranar ba zai ji ba.

Hajara dai ta ci jarrabawarta da maki mai kyau. Malaminta ya ce bai taɓa ganin ɗalibar shekarar farko da ta samo cikakkiyar fassara irin wannan ba, aka ajiye kwafin kaset ɗin ana koya wa na baya al'adun Gungawa da shi, ko da yake ita ba ta sake kunna nata ba. Malaman Sakkwato sun samu abin da Cindo ya so su samu. Shi kuwa da ya yi cinikin don ya riƙe muryar matarsa, ya tashi da sa'a guda ta muryar kansa da rabin baiti.