Kunnen Maharazu

Maharazu ya ci amanar mutanen da suka dogara da shi, kuma da saninsa ya yi. Kurumta ba laifi ba ce, Allah ke saukar da ita a kan wanda ya so. Laifin shi ne mutum ya san kunnensa ya mutu, ya ci gaba da karɓar aikin da kunne kaɗai ke yi, in ɓarna ta auku kuma ya nemi wanda zai jingina wa. Abin da Maharazu ya yi ke nan a garejin Alhaji Datti da ke Idu.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka yi ambaliya a Abuja, farar hula na mulki, kowane ofishi na rabon kwangila. Manyan ma'aikata suka gaji da jif, suka koma sayo motocin gudu masu ƙofa biyu. Da gudun da kamfani ya ba motar ya gundure su, sai su kawo ta Idu a ƙara mata. Maharazu ya shekara ashirin da uku a wannan gareji. Bai iya karanta Turanci ba, bai taɓa danna kwamfuta ba, amma duk unguwar an san shi da kunne. Yana da wani guntun bututun jan ƙarfe da yake ɗaurewa a jikin inji, ya sa masa doguwar tiyo, ya zuro ta ta taga, ya kafa bakinta a kunnensa. Da haka yake jin abin da ke gudana a cikin silinda kamar mai laɓe a bakin ƙofa.

Abu ɗaya yake saurare. In an matsa wa inji fiye da abin da fetur ɗinsa zai ɗauka, fetur ɗin kan fashe tun lokacinsa bai yi ba, ya ba da wata siririyar ƙara kamar an kaɗa tsakuwa a gwangwani. 'Yan garejin tsakuwa suke ce mata. In an ji ta an sassauta, inji ya tsira. In ba a ji ba, ta dinga cin kan fistin har ta huda shi.

Kunnensa na hagu ya mutu shekara biyu da suka wuce. Na daman ya bi sahu tun ƙarshen damina. Yana jin rugugin inji, yana gane magana in ya dubi bakin mai ita, amma duk wata siririyar ƙara ta ɓace masa, ba abin da ya rage sai wani kukan gyare da ba ya yankewa. Bai faɗa wa kowa ba, ko mai ɗakinsa. Shekarunsa hamsin da takwas, kullum sai ya hau mota biyu daga Dei-Dei kafin ya iso aiki, gwiwoyinsa na ciwo, bayansa ba ya miƙewa sai hantsi. Ya dinga ce wa kansa, bari dai in ga ƙarshen shekara.

A cikin bazara Fu'ad ya zo. Mataimakin darakta ne a wata hukumar tarayya, bai kai arba'in ba. Ya shigo da jar mota mai silinda takwas, a-kori-kura na biye da shi ɗauke da akwatin katako.

"Baba, ka san abin da ke cikin nan?"

Maharazu ya dubi bakinsa, sannan ya leƙa akwatin. "Famfon iska ne, yallaɓai. Mun ɗaura irinsa uku."

"Famfon iska! Abin da na yi wata huɗu ina jira daga Amurka? Sufacaja sunansa, Baba."

"Ko me sunansa, bel ke juya shi, shi kuma ya yi wa inji ɗurar iska kamar ana yi wa jariri ɗura. In cikin ya ɗauka, madalla."

"Zai ɗauka. Dole ya ɗauka. Akwai wani Tawfiq a ofishinmu, ya wuce ni a hanyar filin jirgi, har ya zuge gilas ya yi min bai-bai. Ni, Baba! Lahadi mai zuwa nake son in rama."

Kwana huɗu Maharazu ya yi a kan motar. A nan babu abin zargi, don hannunsa bai manta komai ba. Ya kwance saman injin, ya toshe ramukan da tsumma kada ko ƙwayar yashi ta faɗa. Ya cire nozul takwas ya sa manya, ya sauke tanki ya canza famfon mai. Ya kafa ƙaramin lagireto a gaba don sanyaya iskar, domin iskar da aka matse zafi take yi. Sannan su huɗu suka ɗaga sufacajar suka zaunar da ita, ya bi notinta ɗaya bayan ɗaya daga tsakiya zuwa gefe. Bel ɗin ya ba shi wahala. Sau uku yana cirewa, yana gwada layin fuli da igiya, har ya zauna daidai. Ran Alhamis da la'asar aka tayar. Ma'aikata suka taru suna dariyar kukan da take yi, wani ya ce kamar kyanwa an take mata wutsiya. Maharazu ya yi dariya tare da su. Bai ji kukan ba.

Sauran aikin na Catherine ne. 'Yar Kwali ce, ta yi karatun injiniya, shekararta huɗu a garejin tana riƙe da kwamfuta. Ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan man da za ta zuba da lokacin da fulogi zai kyasta. Tsarin da ya zo tare da kayan an yi shi ne don fetur ɗin can, wanda ya fi namu jure matsi, saboda haka sai an sake shi a kan titi, mataki-mataki.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta sami Maharazu yana wanke hannu da kananzir.

"Baba, akwai matsala kaɗan. Motar tana da nata abin jin tsakuwa, amma kukan sufacaja ya rikita shi, ko ba komai sai ya yi ta ihu. Zan rage masa ji. Gobe kai ne kunnenmu."

"Da can wa ne?"

Ta yi dariya, sannan ta tsaya. "Jiya sau uku na kira ka daga ƙofar sito, ba ka juyo ba. Lafiya dai?"

A nan ya kamata ya yi magana. Da ya ce, 'yar nan, kunnen ya tafi, da an nemo wani ya riƙe tiyo, shi kuma ya ci gaba da aikin hannunsa, don Alhaji Datti ba zai kori mai hannu irin nasa ba. Amma wanda aka saba kira don kunne ba ya son a kira shi don sifana.

"Hankalina na kan bel," in ji shi. "Ke dai ki kula da allonki. Tun kina goye nake jin inji."

Asabar da safe suka kama hanyar Lakwaja. Fu'ad na tuƙi, Maharazu na gefensa da tiyo a kunne, Catherine ta ƙudundune a 'yar kujerar baya, kwamfuta a cinya. Tun ƙarfe tara rana ta buɗe, kwalta na tururi. Bayan Gwagwalada Fu'ad ya tsaya a wani ƙaramin gidan mai ya cika tanki.

Ka'idarsu tsohuwa ce. Direba ya sa giya uku, ya taka totur har ƙasa, ya riƙe har allurar agogon inji ta kusa jan layi. Bayan kowane taku Catherine ta ƙara matsa wa injin mataki ɗaya. Da zarar Maharazu ya ji tsakuwa sai ya ɗaga hannu, direba ya saki, ita kuma ta koma baya mataki biyu, aiki ya ƙare.

Maharazu ya riga ya yi shirinsa tun a motar Dei-Dei. Motoci ukun da suka yi a baya, duk sai a taku na shida ko na bakwai tsakuwa ta fito. To, yau zai ɗaga hannu a na biyar, ko ya ji ko bai ji ba. Motar za ta rasa ɗan ƙarfi, ba wanda zai sani. Bai sa zafin ranar a lissafinsa ba, bai sa ingancin man da aka sha a hanya ba.

Daidai Sheda aka yi taku na farko. Motar ta zabura, bayan Maharazu ya manne da kujera, itatuwa suka zama zare. Fu'ad ya kurma ihu.

"Wayyo Allah, Tawfiq! Ka mutu!"

Aka yi na biyu. Maharazu ya matse tiyo a kunne har ya ji zafi. Rugugi kawai, da gyarensa. Ya runtse ido, ya ɗan karkata kai, yadda ya saba yi shekara da shekaru in yana saurare. Ya san Catherine na kallon ƙeyarsa.

Bayan na uku ta taɓa kafaɗarsa. Ya juyo ya dubi bakinta.

"Baba, ba komai? Zafin iskar ya hau sosai. Ni da mun tsaya ta huce."

"Haba madam, wane tsayawa?" in ji Fu'ad. "Baba ya ce akwai wani abu ne? Baba, akwai?"

Gajiya ce ta taso wa Maharazu, irin wadda ke sa mutum ya so a gama ko ta yaya. Saura biyu ya ɗaga hannu ya koma gida ya kwanta.

"Tas take," in ji shi. "Ƙara."

Ta ƙara. Sun doshi Yangoji, inda mata ke kasa doya da mangwaro a bakin titi, Fu'ad ya taka na huɗu. Allura ba ta kai rabi ba aka ji wani dam, wanda ko Maharazu ya ji shi, har a haƙoransa. Motar ta yi tari, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Fu'ad ya gangara gefe. Baƙin mai na ɗiga a ƙasa.

Awa biyu suka yi a gindin mangwaro suna jiran janwe. Fu'ad ya yi ta safa da marwa, waya a kunne, sannan ya juyo kan Catherine.

"Ke kika kashe min mota! Na faɗa wa Alhaji tun farko, wannan ba aikin gwaji ba ne. Kin zauna kina danne-danne kamar mai buga wasiƙa!"

"Oga, ni ba na ƙarawa sai Baba ya ce. Hannu nake jira."

Suka dubi Maharazu. Yana zaune a kan saiwa, tiyo a naɗe a hannunsa. Ƙarya ta farko ta riga ta ci inji. Ta biyu ba ta da wani amfani sai ceton sunansa, kuma ya san wanda za ta ci.

"Na ɗaga," in ji shi. "A na huɗun, tun farkon taku. Idonta na kan allo."

"Baba?" in ji Catherine.

Bai dube ta ba. Ta rufe kwamfutar, ta koma can gefe kusa da masu doya ta zauna.

Ran Litinin aka buɗe injin a gaban Alhaji Datti. Alhaji tsohon bakanike ne, ciwon suga ya mai da shi ofis, amma idonsa na nan. Fu'ad ya zo da shirin ofis, ya ce ba zai tafi ba sai an sallami yarinyar. Alhaji ya juya kan injin. Ya jera fulogi takwas a kan benci, ya ɗaga kowanne ya duba a rana. Duka sun yi ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa musu barkono. Fistin ɗaya ya huje, uku kuma gefensu ya zaizaye.

"Wannan ba cin taku ɗaya ba ne," in ji shi. "An daɗe ana ci. Maharazu, a na biyu da na uku me ka ji?"

"Tas take, Alhaji."

"To."

Ya sa aka turo tsohuwar a-kori-kurar garejin. Da hannunsa ya ɗaura bututun jan ƙarfen a injinta, ya zura tiyo ta taga.

"Shiga ka zauna. In ka ji tsakuwa, ɗaga hannu."

"Alhaji, ni za a gwada? Bayan shekara ashirin da uku?"

"Shiga, malam. Ƙafafuna ba sa son tsayuwa."

Ya shiga. An ɗaga bonet, ba ya ganin abin da Alhaji ke yi a gaba. Aka tayar. Alhaji ya murɗa taimin, wato lokacin kyastawar fulogi, ya wuce ƙa'ida, ya fizgi totur. Tsakuwa ta kaɗa, ƙarara, har mai shayin bakin get ya ɗago kai. Fu'ad kansa, da bai san komai ba, ya ce, "Mene ne wannan?" Maharazu na zaune, ido a runtse, kai a karkace, hannunsa a cinya. Sau uku Alhaji ya yi. Sannan ya mai da taimin daidai, ya ja totur a hankali, injin na tafiya sumul.

A lokacin ne Maharazu ya ga an daɗe, ya ɗaga hannu.

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya kashe motar, ya goge hannu da tsumma, ya zagayo ya tsaya inda Maharazu zai ga bakinsa.

"Tun yaushe?"

Maharazu ya sauke tiyo daga kunnensa. "Na hagun shekara biyu. Na daman tun damina."

"Da ka faɗa min, da na ce Allah ya ba ka lafiya, ka riƙe sifanarka. Injin ma zan iya haɗiye shi. Amma ka dubi yarinyar da ke ce maka Baba, ka ɗora mata." Ya juya. "Catherine, ki yi haƙuri. Yallaɓai, kai ma ka ba ta haƙuri, sannan mu yi maganar motarka."

Ranar aka sallami Maharazu. Kafin mako ya zagayo labarin ya kai Apo da Kugbo, kuma ba garejin da ya sake ba shi inji ya taɓa. Yanzu facin taya yake yi a bakin titin Dei-Dei.