Finjalin da Hajji Mifleh Bai Sha Ba

"Ba zan sa hannu ba," in ji Wijdan.

Abu Nawwaf, mai filin koyon harbin, ya sake turo mata takardar shaidar cancantar riƙe bindiga a kan tebur, da biro a kanta. Shekara uku ke nan tana koyar da sababbin shiga a ƙarƙashinsa, a filin nan na bayan garin Madaba, bai taɓa maimaita mata umarni ba.

"'Yata, ba shawararki nake nema ba. Kin san ɗan gidan wa ne Shaher?"

"Na sani. Na kuma san inda yatsansa yake zama."

Da safiyar ranar, mutum takwas ne a layinta, kowa da ƙaramar bindiga a gabansa. Ta fara da abin da take farawa da shi kullum: duk bindigar da ka ɗauka, ka ƙaddara da harsashi a cikinta. Yatsa ba ya kusantar kunamar bindiga sai ido ya tsaya a kan allon da ake harbi. Bakin bindiga ba ya kallon abin da ba ka shirya rasawa ba. In kuma ɓarawo ya shigo maka alhali akwai ƙofar baya, ƙofar ta fi bindigar.

Shaher, saurayi mai ƙamshin turare da makullin mota a yatsa, ya yi dariya, ya kira ta da laƙabin da ake yi wa masu koyarwa a filin. "Kyaftin, mu a gidanmu da bindiga ake yaye mu."

Hannu kam yana da shi. Harbi biyar ya zuba a tsakiyar allo. Sai ya juyo gaba ɗaya yana kiran a ɗauke shi hoto, bindiga a hannu, yatsa a kan kunama. Bakin bindigar ya ratsa ta saitin ƙirjin Umm Lina, mai kantin magani da ta zo koyo bayan an yi mata fashi sau biyu.

Wijdan ta cafke wuyan hannunsa ta danna ƙasa.

"Sake ni, babu komai a ciki."

Ta zare gidan harsashin, ta ja saman bindigar baya. Harsashi ɗaya ya yi tsalle, ya gangara har ya tsaya jikin takalmin Umm Lina. Karo na uku ke nan da ya juyo haka cikin kwana huɗu. Ta ce ya fita daga layi.

"Takardar kawai nake so kafin Juma'a," ya ce yana murza hannunsa. "Auren wana ne. Sama zan harba, Kyaftin. Akwai mutane a sama?"

Shekara tara da suka wuce, ranar da sakamakon jarrabawar Wijdan ya fito, unguwa ta kaure da harbin murna. Mahaifiyarta tana kan soro tana kwashe shanya, harsashi ya sauko mata a kafaɗar hagu. Ba a taɓa sanin na waye ba. Har yau Wijdan ce ke taje mata gashi.

Shi ya sa ta bar biron Abu Nawwaf a inda yake, ta tafi gida.

Ranar Alhamis da la'asar motoci uku suka tsaya a ƙofar gidansu. Hajji Mifleh, baffan Shaher, ya shigo da dattawa shida, suka zauna a ɗakin baƙi. Mahaifinta, Abu Mishal, tsohon malamin makaranta, ya zuba gahawa a finjali ya miƙa wa babban baƙo. Hajji ya karɓa, ya ajiye a gabansa bai kai baki ba.

Wijdan tana bakin labule, ta ga finjalin ya taɓa tebur. Ko yaro ya san ma'anar wannan: baƙo ba zai sha ba sai an biya masa buƙatar da ta kawo shi. Finjalin da ya huce a gidanka kuwa, har jikokinka za su ji labarinsa.

"Ka sha gahawarka, Hajji," in ji mahaifinta. "Abin da ka zo nema, in yana hannuna, ka samu."

"Yana hannun 'yarka."

Aka kira ta. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya.

"'Yar ɗan'uwana," in ji Hajji Mifleh cikin taushi, "kin kama hannun ɗanmu a gaban mata. Mun yafe. Saura ki rubuta sunanki a takarda, mu sha gahawar ubanki."

"Baffa, a ce wa Shaher ya dawo fili ranar Lahadi. Mako biyu zan yi da shi da bindigar da babu komai a ciki. Ranar da yatsansa ya koyi zama waje, ni da kaina zan kai takardar gidanku."

Wani daga cikin dattawan ya yi tsaki. "Ka ji aikin jami'a, Abu Mishal. Mu da muka riƙe bindiga tun ba a haifi uwarta ba, yau ita za ta koya mana inda ake ajiye yatsa."

"Wijdan," mahaifinta ya ce, bai ɗago ba. "Gahawa tana hucewa."

Da tsawa ya yi mata, da ya fi mata sauƙi. Mutumin nan ne ya yi faɗa da 'yan'uwansa don ta yi karatu, shi ya kai ta filin ranar da ta fara aiki, yana gaya wa kowa 'yarsa ce kyaftin. Ta dubi furfurarsa, ta dubi finjalin.

"Baba, da hannu ɗaya Mama ta dafa ta."

Hajji Mifleh ya miƙe ya gyara mayafin kansa. "Mun ɗauka gidan nan da namiji a ciki," ya ce, suka fice.

Abu Mishal ya daɗe a zaune. Daga baya ya ɗauki finjalin, ya fita tsakar gida, ya tuttular da gahawar a gindin zaitun.

Ranar Juma'a da rana harbin bikin ya tashi daga kan tudu, jere-jere, ana guɗa. Wijdan ta shigo da mahaifiyarta daga baranda ta rufe ƙofa. Ranar Asabar ta iske kayanta a cikin leda a wurin mai gadin filin. Abu Nawwaf ya sa hannu da kansa tun daren Alhamis, ya kuma faɗa wa masu sauran filaye cewa ba ta jin magana. Uku ta je, duka ukun suka ba ta shayi suka ce za su kira.

Umm Lina ce ta ba ta aiki a kantin maganinta. Can take yanzu tana miƙa maganin tari. In dangin Shaher suka shigo, sai su ce, "Kyaftin, a ba mu na ciwon kai," suna dariya. Takan miƙa musu, idonta cikin nasu.

Wata takwas ke nan. Ba a ƙara gayyatar Abu Mishal zaman dattawa ba, ko na sulhu ko na neman aure. A gida, in yana son ruwa, sai ya ce da matarsa, "Gaya wa 'yarki."

Shaher yana da takardarsa da bindigarsa. Ita kuwa ta rasa aikinta, ta rasa muryar ubanta. Abin da ta tsira da shi kawai, sunanta ba ya kan takardar.